Ƙwayar Asma ta Kullum



Hunturu ya kama, ƙura ta tashi. Masu asma da masu yawan atishawa da yoyon hanci sun shiga wahala. Likita kan rubuta wa wasunsu ƙwayar Montelukast. Sau ɗaya ake shan ta a rana, galibi da dare, don rage kumburin hanyar numfashi.

Ku saurara da kyau. Rigakafi ce. In numfashi ya sarƙe, abin shaƙa za a ɗauko. A sha ta kullum, ko an ji sauƙi.

Sannan a lura. Takan jawo wa wasu munanan mafarkai ko ƙuncin zuciya. In kun ga haka ga yaro ko babba, ku garzaya wurin likita.

Allah Ya ƙara mana lafiya.