Jawabin ma'aikaciyar lafiya ga iyaye a Garu: yaron da jikinsa ya ƙi madara ko ƙwai



Wasu cikinku sun daina bai wa yara nono da ƙwai don sun ga ƙuraje ko zawo. Ina roƙonku, kada ku yanke wannan hukunci ku kaɗai. Abincin tamowa da ake rabawa, irin su Plumpy'Nut, akwai garin madara a ciki. In aka hana yaro shi a kan zato kawai, yunwa za ta yi masa lahanin da ya fi na ƙurajen.

Yawancin zawo ba daga madara yake ba, daga ruwa marar tsabta ne. Akwai kuma mai shan madara cikinsa ya kumbura yana ƙugi. Wannan rashin narkewa ne, ba ya kisa. Wanda muke tsoro shi ne na yaron da ya sha nono ko ya ci ƙwai, cikin mintoci zuwa awa 2 sai borin jini ya feso masa, leɓɓa da idanu su kumbura, ya yi amai. In numfashi ya fara sarƙewa ko jikinsa ya saki, ku ɗauko shi nan take, ko tsakar dare ne. Allurar adirenalin ce maganinsa, jiƙo ba zai yi ba.

To yaya ake tabbatarwa? Gwajin farko bakinki ne, uwa. Me ya ci, yaushe abin ya fito, sau nawa ya faru? Daga nan likita zai iya cewa a janye abincin mako 2 zuwa 4, sannan a mayar a gani. Akwai gwajin fata: a ɗiga ɗigo a hannu, a ɗan tsaga, a duba bayan minti 15. Akwai na jini kuma. In ana bukatar su, mu za mu rubuta muku takarda zuwa asibitin Malanbil, su san inda za su tura ku. Amma waɗannan biyun sukan nuna alama ga yaron da ke cin ƙwai lafiya lau. Shi ya sa mafi tabbaci shi ne a ba shi kaɗan kaɗan a gaban likita, da allura a kusa. A gida kam, kada a gwada.

Kada ku ce bari a koma madarar akuya ko ta tumaki, ko wagashi. Jikin da ya ƙi ta saniya yakan ƙi su ma. Nonon uwa kuwa a ci gaba da bayarwa.

Ranar rigakafi, ku faɗa wa mai allura in ƙwai ya taɓa kumbura yaron, domin da ƙwai ake haɗa allurar shawara. Ta ƙyanda ba matsala, a yi masa.

Yara da yawa sukan rabu da abin in sun girma, don haka za mu riƙa sake dubawa. Wadda ke da shakka ta zo gobe da safe da katin yaronta.