Idan Kik ɗin Tarakta Ya Ƙi Kamawa

Na gode wa shugabannin wannan Kasuwar Shanu ta Maiduguri da suka ba mu wuri, da ku direbobi masu kwasar taki da harawa a tirela. Da yawa cikin taraktocinku tsofaffi ne. Massey Ferguson 135, alal misali, an daɗe da daina ƙera ta, wasu kuwa sun shigo zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976. Injinsu da sauran ƙarfi, amma kik yakan ba da wahala. Damina a Barno kuwa gajeruwa ce, wanda taraktarsa ta kwanta mako guda a farkon ruwa ya san abin da ya rasa.

Abin da nake roƙonku shi ne, kafin a kwance kome, a murɗa makulli a saurara, domin ƙarar da aka ji ita ce za ta nuna inda cutar take.

In an ji shiru ɗungum, a fara duba giya. Ita 135 tana da ƙaramin sanda na babbar tafiya da ƙarama, kuma ba za ta tashi ba sai yana tsakiya, inda aka rubuta S. An yi haka da gangan don tsaron rai. Sau da yawa akan ɗauko makaniki daga nesa, a biya shi, alhali sandan nan ne ya goce.

In an ji ƙas sau ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas, wuta ce ba ta isa ba. A kunna fitila a sake murɗawa: in haskenta ya dushe, to batir ne ko kawunansa. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a ma'auni. Zafin watan Afrilu a nan yakan wuce digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir, saboda haka a riƙa dubawa, a cika da tataccen ruwa, ban da na rijiya. Farin garin da ke taruwa a kawuna a kankare shi, a ɗaure tamau. Kada a manta da wayar da ta haɗa batir da jikin tarakta; tsatsarta kaɗai ta isa ta hana tashi.

Amma in kik yana juyawa fiii, inji bai motsa ba, wannan shi ne ainihin ƙin kamawa. A bakin kik akwai ɗan ƙarfe mai haƙora, makanikai suna ce masa bendis. Aikinsa ya zame gaba ya cafki haƙoran babban faifan inji ya juya shi. Ƙurar hunturu da ta kasuwa in ta haɗu da maiƙo sai ta zama kamar ƙaro, bendis ya kasa zamewa. Maganinsa a cire wayar batir, a sauke kik, a wanke da kananzir, a bari ya bushe. Kada a cika shi da giris. Na sani hannun makaniki ba ya son barin ƙarfe a bushe, amma a nan giris ƙura yake kira.

In kuwa ana jin gurzawa, haƙoran faifan ne suka cinye. Inji yakan tsaya a wurare ɗaya kullum, don haka nan ne suke fara lalacewa. A zare makulli, a juya injin kaɗan da hannu, a sake gwadawa. In ya kama, to an gane cutar, sai a shirya sauya haƙoran da rani.

Saura magana mai nauyi. Akwai masu tsayawa a ƙasa su haɗa wayoyin kik da sifana. Wannan dabara tana tsallake sandan tsaron da na ambata. In tarakta tana cikin giya, nan take za ta zabura, mai sifana kuwa yana tsaye daidai gaban babbar taya. An rasa rayuka ta haka a ƙasashe da dama. A wuri irin wannan ga yara masu talla, ga shanu a ɗaure. Direba ya hau kujera, ya taka kulos, sa'an nan ya murɗa makulli.

Mai tambaya ya matso, tarakta tana nan bakin ƙofa, za mu nuna kome a jikinta.