Mai Sa Shaida A Cikin Jikin Ɗan Adam: Jawabi Ga Jama'ar Mubi



Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Mubi ya san in ciniki ya faɗa, akan sa wa dabba shaida don masu lodi su gane wadda za su ɗora a mota. Akwai irin wannan tsari a cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama jikinmu. Ma'aikatan kowace ƙwaya su ne furotin. In wani ya lalace ko ya gama aikinsa, sai a liƙa masa shaida mai suna yubikwitin, a kai shi injin niƙa na cikin ƙwayar, a wargaza shi. Masana uku da suka gano wannan sun sami lambar Nobel a 2004.

Masu liƙa shaidar sun fi iri 600. Ɗaya daga cikinsu shi ne E6AP. Umurnin ƙera shi yana rubuce cikin gadon halitta da muke ɗauka daga iyaye, a gurbin da ake kira UBE3A.

To, ga inda abin ya shafe mu. A cikin ƙwaya akwai wani furotin mai gadi, p53, wanda ke hana lalatacciyar ƙwaya hayayyafa. Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, in ta shiga bakin mahaifa sai ta yaudari E6AP ya sa wa mai gadin nan shaida, a niƙe shi. Masana a Amurka ne suka bayyana haka a 1993. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga: da an kawar da mai gadi, ƙwayoyi marasa lafiya suna iya yaɗuwa har su zama sankara. Jikin yawancin mata yakan kori cutar da kansa, amma ga waɗansu takan zauna shekara da shekaru ba alama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. Saboda haka a watan Oktoba 2023 Gwamnatin Tarayya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, Jihar Adamawa kuwa tana cikin rukunin farko.

Allurar tana tare cutar ne tun ba ta shiga ba, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Don haka, iyaye, ku kai 'ya'yanku mata asibiti mafi kusa a yi musu da wuri. Matan aure kuma su je a duba su, musamman wadda ta ga jini ba lokacin al'ada ba. Magidanta, lalle ku ba su izini, ku kuma raka su.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.