Mun Gama Dogon Gudu na Ƙarshe, Saura Sassautawa

 Mun gode da kuka ba mu waɗannan 'yan mintoci bayan sujada, ko da yake mun san tuwo yana jira a gida. Mu huɗu ne muke tsaye a gabanku, amma baki ɗaya zai yi magana a madadinmu. Ku ne kuka haɗa mana kuɗin motar zuwa gudun famfalaki na Legas, wasu da kuɗi, wasu da kwanon riɗi, saboda haka wajibi ne mu gaya muku inda muka kai. Muna kuma da wani roƙo, da wata gaskiya da muka daɗe muna riƙe da ita a ciki.

Idan kun lura yau muna tashi daga benci muna dafa gwiwa kamar kakanninmu, ba ciwo ba ne. Jiya Asabar muka yi dogon gudunmu na ƙarshe, kilomita 32. Masu gudu da yawa ran Lahadi suke yin nasu, mu kuwa muka mai da shi Asabar don kada a neme mu a majami'a a rasa. Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka tashi daga bakin tasha, kusa da layin dogo, muka kama hanyar da ta nufi Gumel. Sanyin hunturu yana shiga har ƙashi, hazo ya rufe ko'ina. Maƙwabtanmu masu zuwa masallaci suna ce mana, sannunku 'yan Legas. Ɗaya daga cikinsu ma shi ne ya bi mu a kan babur da jarkar ruwa da dabino da ruwan gishiri da sukari, yana haska mana hanya da fitila, mitar babur ɗinsa kuma ita ce ma'auninmu. Ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Muna so ikkilisiya ta san wannan.

Tafiyar fita iska ta yi ta dukan mu a fuska, leɓɓa suka tsattsage, karnukan wata ruga suka raka mu rakiyar da ba mu roƙa ba. A kilomita 16 muka juyo. Har wajen 25 muna hira muna ba'a. Daga nan baki ya mutu. Ba ka jin komai sai ƙarar takalmi da numfashi. A kilomita 27 ƙaraminmu ya ce shi kam a nan zai zauna, a zo a ɗauke shi. Muka taka a hankali tare da shi na minti biyu, ya ci dabino uku, ya sha ruwa, ya ce mu je. Da muka hango tasha rana ta ɗaga, mun yi awa uku da 'yan mintoci a kan hanya. Babu wanda ya yi mana tafi, sai wata tsohuwa mai ƙosai da ta tambaye mu wa ya biyo mu.

Wani dattijo ya yi mana tambaya mai kyau a makon jiya. Ya ce, tun da tseren kilomita 42 ne, me ya hana ku gwada 42 ɗin a gida ku tabbatar za ku iya? Baba, ga amsarmu. Tsawon tseren kilomita 42 ne da mita 195. Shi aka gudu a wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ma'auni a 1921. Amma yawancin masu koyar da talakawan 'yan gudu irinmu ba sa barin mutum ya wuce 30 zuwa 35 a wajen horo. Dalili kuwa, jiki yana da rumbu. Tuwo da shinkafa da dankalin da muke ci, jiki yana mai da wani kaso nasu irin sukarin da yake ajiyewa a cikin tsoka da hanta. Rumbun nan ba shi da girma. Mai gudu yakan kusa kwashe shi a wajen kilomita 30, sai ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi dum, kamar an gina katanga a gabanka. Abin da ya sami ƙaraminmu ke nan jiya. Idan muka matsa har 42 a gida, ɓarnar da za mu yi wa tsoka za ta ɗauki makonni kafin ta gyaru, mu isa Legas mun riga mun cinye guzurinmu a Gagarawa.

To, yanzu saura mako uku, kuma aikin da ya rage shi ne rage aiki. Mun san wannan magana ba ta shiga kunnen manomi da sauƙi, amma ku duba riɗi. Ranar da aka yanke shi ba ranar ake samun tsaba ba. Sai an ɗaure shi, an jingine shi a tsaye, an bar shi ya bushe bakinsa ya buɗe, sannan a kifa a kakkaɓe. Wanda ya yi gaggawar kakkaɓewa ɗanye, wahala kawai zai sha. Haka gudun jiya yake. Ƙarfinsa bai shiga jikinmu ba tukuna. A yanzu tsokarmu cike take da ƙananan raunukan da ido ba ya gani, rumbu kuma wayam. A cikin hutu da barci da abinci ne jiki yake ɗinke raunukan, ya cika rumbun, ya fito da ƙarfin da ya fi na da.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. A 2007 wani masani mai suna Laurent Bosquet da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan 'yan wasa iri-iri, suka ga abin da ya fi amfani shi ne a rage yawan horo da kashi 41 zuwa 60 cikin 100 na wajen mako biyu, ba tare da an rage saurin gudun ko yawan ranakun fita ba. Masu famfalaki sukan ja shi zuwa mako uku saboda tsawon tseren. Mu da muke yin wajen kilomita 70 a mako, wannan makon za mu sauko 50, na gaba 35, na ƙarshe bai fi 20 ba. Za ku ci gaba da ganin mu a hanya da sassafe, sai dai za mu riƙa dawowa kafin kunu ya huce.

Ga gaskiyar da muka ce muna riƙe da ita. Biyu daga cikinmu sun taɓa zuwa wannan tsere, kun kuma san ba a dawo da labari mai daɗi ba. Muka ce muku zafin Legas ne. Zafi ya yi nasa, amma ba shi kaɗai ba ne. Wancan karon mun fara sassautawa daidai, sai tsoro ya kama mu. Kwana goma da rage gudu, sai ka ji kamar ƙarfinka yana tsiyayewa, gwiwa tana yi maka wani ciwon da ba ka san da shi ba, barci ya ƙi zuwa, zuciya tana ce maka ba ka shirya ba. Ga kuma masu cewa, a'a, 'yan Legas an gaji ke nan? Saura kwana takwas muka tashi a ɓoye muka yi kilomita 35 don mu huce haushi. Ranar tsere, tun kafin kilomita 28 ƙafafunmu suka sandare. Ɗaya ya ƙarasa da tafiya yana jan ƙafa, ɗaya a mota aka kai shi. Kuɗinku ne muka zubar a hanyar Gumel saura kwana takwas, muka kuma ɗora wa rana laifi. Ku gafarce mu.

Shi ya sa muka zo da roƙo. Mun ji sanarwar da aka yi cewa matasa za su fito bugun tubali na katangar majami'a ranakun Asabar masu zuwa. Muna roƙon dattawa a ɗaga mana wannan aiki har mu dawo. Kwaɓa ƙasa da ɗaukar tubali yini guda ya isa ya riƙe wa mutum baya da cinya na kwanaki. Ba gudun aiki muke yi ba. A rubuta mana rabonmu, in mun dawo muka huta za mu biya har da ƙari, sakatare ya zama shaida. Haka nan iyayenmu a gida, a yi mana haƙuri da lodin buhuna a kasuwar Maigatari ran Alhamis. 'Yan'uwa matasa, ku nemi wasu a ƙwallon yamma, domin targaɗe ɗaya ya isa ya rushe aikin wata huɗu. In kuma kun ga ɗayanmu ya saci jiki zai ƙara dogon gudu, ku kama shi ku kai shi wurin Babanmu Fasto.

Iyayenmu mata sun tambayi abin da za mu ci. Abin da muka saba, Mama: tuwo, shinkafa da wake, dankali, kunu, fura. A kwana biyu ko uku na ƙarshe za mu ƙara na hatsi mu rage mai da yaji. Kada ku yi mamaki in mun ɗan yi nauyi, domin sukarin da jiki yake ajiyewa da ruwa yake tafiya. Wanda yake da niyyar yi mana kyautar sabon takalmi, mun gode, a ajiye sai mun dawo. Takalmin da ya kai mu 32 jiya shi zai je Legas, ko da ya tsufa.

Akwai kuma masu kawo mana ƙwayoyi da kyakkyawar niyya, wai maganin gajiya. Ba za mu sha ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya taɓa ƙoda in mutum ya sha su yana zubar da gumi na awoyi. Tramadol kuwa kun ga abin da ya yi wa samari a garuruwanmu, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Ciwo ɗan aike ne, gara mu ji abin da ya zo faɗa.

Abin da ya fi damun mu shi ne yanayi. Mun yi horonmu cikin sanyi da busasshiyar iska, inda gumi yake bushewa kafin ka san ka yi shi. Legas a watan Fabrairu zafi ne mai ɗauke da laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Saurin da ya yi mana sauƙi jiya zai iya kayar da mu a can. Saboda haka wasu gajerun gudunmu na makonnin nan da hantsi za mu yi su, bayan rana ta yi zafi, don jiki ya fara sabawa. Kada wani ya gan mu ya ce mun zautu. Ranar tseren kuma za mu fara a hankali fiye da yadda zuciya take so, mu riƙa kurɓar ruwa daidai ƙishi, domin ɗurar ruwa fiye da kima ma yana kwantar da mai gudu.

Yara suna tambaya ko za mu ciwo kofi. Kada a sa rai. Da aka fara wannan tsere a 2016, an tashi daga Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere aka ƙare a Eko Atlantic, ɗan Kenya ne ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 16. A Chicago ta Amurka, a 2023, marigayi Kelvin Kiptum ya gama cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Ko a cikin 'yan Nijeriya, mutanen Filato irin su Iliya Pam da Deborah Pam ne suka yi suna, waɗanda suke horo a kan tuddai masu tsawo, mu kuwa ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Lokacin da na ɗaya zai shiga, mu muna tsakiyar hanya. Burinmu mu huɗu mu ƙetare layin ƙarshe da ƙafafunmu, ƙasa da awa huɗu da rabi, mu dawo gida lafiya.

Ran Laraba ta makon tseren muke so mu tashi, ta Kano, don mu sami kwana guda na miƙe ƙafa bayan zaman mota mai tsawo. Har yanzu ba mu da masauki. Duk wanda yake da ɗan'uwa a Agege ko kusa da nan da zai iya ba mu tabarma huɗu na kwana uku, ya ga sakataren matasa a bakin ƙofa bayan an tashi. Jibi Talata kilomita 8 kawai za mu yi, ƙarfe shida daga bakin tasha, yaran da suka daɗe suna roƙon su bi mu za su iya raka mu kilomita biyun farko in iyayensu sun yarda.