Jawabin Ƙaddamar da Rumbun Ikilisiya a Turawa, Ranar Fentikos

Shugaban taro, baba fasto da sauran bayin Allah da suka taso daga Karaye da Rogo, wakilin dagaci ranka ya daɗe, masu unguwanni, dattawan ikilisiya, iyayenmu na zumuntar mata, malamai da maƙwabtanmu Musulmi da kuka amsa gayyata, 'yan'uwa matasa. 

Dattawa sun ɗora mini in faɗi dalilin da ya sa aka tsayar da ranar Fentikos don buɗe wannan rumbu.

Tun kafin zamanin manzanni, wannan rana idin manoma ce. Isra'ilawa kan ƙirga mako bakwai daga ranar da suka miƙa damin farko, sannan su yi Idin Makonni a lokacin girbin alkama. A Littafin Firistoci sura 23, ana gama lissafin hadayun idin sai doka ta biyo baya a aya ta 22, cewa mai gona kada ya girbe har gefen gona, kada kuma ya koma tsintar kala, ya bar wa matalauci da baƙo. Doka ce, ba roƙo ba. Kalan nan haƙƙin mai tsinta ne tun kafin lauje ya shiga gonar.

Su da kaka idin yake riskarsu. Mu a ƙasar Kano yana zuwa mana a Mayu ko Yuni, ruwan fari ya sauka, rumbu ya yi ƙasa, iri ya yi tsada, taki kuwa sai mai hali. Babu wanda zan koya wa wannan lissafi a nan. Da kaka manomi ya karyar da masara da dawa saboda bashi da kuɗin makaranta, motoci su kwashe su nufi kasuwar Dawanau. Da damina ya dawo yana awon tiya da tsada, ko ya ci bashin buhu ya biya da ƙari mai nauyi. Fentikos na 2023 ya faɗo ran 28 ga Mayu, washegari aka sanar da cire tallafin man fetur. Daga nan kuɗin mota ya tashi, na niƙa ya tashi, masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa suka ji a jikinsu duk lokacin da za su tada injin ban ruwa.

Idan aka ce Fentikos, abin da muka fi tunawa shi ne saukowar Ruhu Mai Tsarki a Urushalima, da yadda kowane baƙo ya ji bishara da harshen garinsu, har mutum wajen dubu uku suka ba da gaskiya. Mu ma rabonmu ya iso, tun da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya daɗe a kansa. Amma Ayyukan Manzanni bai tsaya a harsuna ba. Masu bi sun riƙa haɗa abin hannunsu ana raba wa mabukata, har Barnaba mutumin Kubrus ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin.

Sai sura ta 6, wadda ba a cika yin wa'azinta ranar idi ba. Tafiya ba ta yi nisa ba gunaguni ya tashi: masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Jama'ar da ta ga abin al'ajabi da idonta, ita ce ta manta da tsofaffin matan da harshensu ya bambanta. Manzanni ba su ce a yi shiru don kada a ɓata sunan ikilisiya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanas da Filibus, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenawa gare su. Ni dai abin da na fahimta, ɓangaren da aka tauye aka danƙa wa mudun awo.

Mu Kiristocin wannan yanki ba mu da yawa, mun kuma san zafin a zo rabon taki ko tallafi a karanta sunaye babu namu. Abin kunya ne wanda ya ɗanɗani wannan ya yi wa wani. Saboda haka ga roƙona ga kwamitin rumbun. Wanda ya ari buhu da damina ya mayar da buhu da kaka, ba ƙari. Gwauruwa da maraya da mai jinya a ba su kyauta, kada a rubuta musu bashi. A karanta littafin shiga da fita a bainar jama'a, domin hatsin taro yana saurin jawo zargi, ko da hannun mai riƙo tsarkakakke ne.

Kada kuma a tambayi mai bukata inda yake sujada. Maƙwabtanmu suna fitar da zakkar hatsi, ɗaya cikin goma na noman damina, kuma tuwon Sallah yana shigowa gidajenmu kamar yadda shinkafar Kirsimeti take shiga nasu. Idan Bafulatanar ruga ko almajiri ya tsaya a ƙofar nan, a auna masa. Kuma, baba fasto a gafarce ni, kada a mai da tiyar dawa ƙugiyar kamun mutane zuwa coci. Wanda yunwa ta kawo a ba shi abinci ya tafi da mutuncinsa.

Ina roƙon shugabar zumuntar mata ta matso ta karɓi makulli, wakilin dagaci da liman su tsaya shaida. Na ƙaddamar da wannan rumbu da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Masu neman irin shuka su ba magatakarda sunayensu kafin a tashi, don a fara da su.