Zazzaɓin Cizon Sauro Mai Dawowa da Maganinsa

Wannan jawabi ne da aka tsara don a karanta wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci.



Kowa ya san zazzaɓin cizon sauro, amma ba kowa ya san ƙwayoyinsa iri-iri ne ba. Wadda ta fi yawa a Nijeriya da Nijar ita ce falsifarum. Ita ce ta fi kisa, sai dai ba ta kwanciya a hanta. Idan zazzaɓinta ya dawo, to, ko dai sauro ya sake cizon mutum, ko bai shanye maganinsa ba, ko kuwa maganin ba mai kyau ba ne.

Akwai wasu iri biyu, baibas da obale. Baibas ta fi yawa a Indiya da Pakistan da Habasha da Sudan da Barazil. Obale kuwa ana samunta nan Afirka ta Yamma. Waɗannan biyu sukan ɓuya a hanta su yi barci. Bayan makonni ko watanni sai su farka su shiga jini, mutum ya sake kwanciya alhali sauro bai cije shi ba. Saboda haka fatake da ɗalibai masu zuwa ƙasashen nan, da 'yan'uwa mazauna Sudan, su kula.

Maganin zazzaɓi da aka saba sha ƙwayoyin jini yake kashewa, ba ya taɓa na hanta. Kamar mai noma ne ya sare ƙaiƙayi ya bar saiwa a ƙasa. Mai tumɓuke saiwar shi ne firimakwin, wanda aka fi sha kullum har kwana 14, bayan an ci abinci. Akwai kuma tafenokwin, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 don maganin baibas. Shi sau ɗaya ake shan sa.

To, amma akwai gargaɗi. Wasu mutane an haife su da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, kuma abin ya yawaita a Afirka, musamman ga maza. Idan irinsu suka sha maganin nan, ƙwayoyin jininsu na iya fashewa. Shi ya sa ake gwada jini tukuna. Mai ƙarancin ba a ba shi tafenokwin. Firimakwin ma sau ɗaya a mako likita kan ba shi, har mako 8, yana lura da shi. Mace mai ciki ba ta shan ko ɗaya.

Wanda ya ga fitsarinsa ya yi baƙi, ko idonsa ya yi rawaya, ko numfashi na gagararsa, ya tsai da shan magani, a kai shi asibiti nan take.

Kada kowa ya sayi maganin nan a kemis ko wurin masu tallar magani a kasuwa. Wanda zazzaɓi ke dawo masa ya je a gwada jininsa, ya faɗa wa likita ƙasar da ya je. In an rubuta masa, ya shanye ko da ya ji sauƙi. A kuma riƙa kwana cikin gidan sauro.

Allah ya ba mu lafiya, amin.