Tura Agogo Gaba: Amfaninsa da Illarsa a Ƙasa Irin Tamu



An nemi in yi magana a kan wata al'ada ta Turawa, wato tura agogo gaba da sa'a ɗaya idan lokacin zafinsu ya shigo, a kuma mai da shi baya in sanyi ya kama. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo a nan Burumburum sun san wannan abu ko da ba a taɓa yi musu bayaninsa ba. Wasan Ingila da ake farawa ƙarfe 4 na yamma a agogonmu cikin Disamba, da ƙarfe 3 ake fara shi cikin Afrilu. Agogonsu ne ke motsawa, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Wani magini ɗan Ingila, William Willett, shi ya dage a kan wannan shawara tun 1907, amma ya mutu a 1915 bai ga an karɓe ta ba. Jamus ce ta fara aiki da ita ranar 30 ga Afrilu 1916, don tsimin kwal a tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Ingila kuma ta bi sahu cikin watan Mayu. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. A Landan yinin watan Yuni ya haura sa'a 16 da rabi, na Disamba kuwa bai cika sa'a 8 ba. Da ba a taɓa agogo ba, da rana ta fito musu kafin ƙarfe 4 na asuba, mutane na ta sharar barci. To, sai aka ɗauko sa'a ɗaya daga wannan haske da ke tafiya a banza aka kai ta yamma, lokacin da ma'aikaci ya taso, mai kanti na neman ciniki, yara na wasa.

Tsimin wutar lantarki kuwa, wanda shi ne babban abin da ake tinƙaho da shi, bai taka kara ya karya ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a rahotonta na 2008 ragin bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari a yini ba. A jihar Indiyana ma, bayan da aka ɗora tsarin a kan jihar duka a 2006, sai bincike ya nuna wutar da gidaje ke sha ta ƙaru da wajen kashi 1 cikin ɗari, saboda na'urorin sanyaya ɗaki. A Janairun 1974, da man fetur ya yi wuya, Amurka ta bar agogo a gaba har cikin sanyi. Yara suka riƙa tafiya makaranta cikin duhu, iyaye suka koka, kafin shekarar ta ƙare aka janye. Ga kuma ruɗewar barci duk sa'ad da aka sauya. Majalisar Tarayyar Turai ta ƙuri'anci a daina a 2019, amma ƙasashen ba su daidaita a kan yadda za a yi ba.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ta fi shafarmu. Mu muna kusa da tsakiyar duniya. A ƙasar Kano yini mafi tsawo sa'a 12 ne da wajen minti 50, mafi gajarta kuma sa'a 11 da wajen minti 25. Ina hasken da ya yi yawa har za a yi ajiyarsa? Sa'an nan akwai abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Tun 1919 Nijeriya ke bin lokacin da ya ɗara na Girinwic da sa'a ɗaya, layin da ake auna wannan lokaci da shi kuwa ta wajen Njamaina ya ratsa, gabas da ƙasarmu duka. Saboda haka agogon Burumburum ya riga rana da wajen minti 25, na Sakkwato da kusan minti 40. Ashe mun daɗe da tura namu gaba, muka bar shi can.

A ce an ƙara wata sa'ar da damina. Manomin Tudun Wada ko na Doguwa ba zai fasa sammako ba, domin da asuba da hantsi da azahar yake auna aikinsa, ladan ma rana yake dubawa. Ma'aikaci da ɗan makaranta ne za su ji a jikinsu: magariba ta kai kusan ƙarfe 8, isha'i ƙarfe 9, ga ofis da aji na jira da safe. Ƙasar Maroko, da ta zauna a kan agogon gaba a 2018, ta riƙa mai da shi baya duk watan azumi, don kada buɗe-baki ya yi nisa a agogo.

Abin da ke damunmu zafin bazara ne, musamman Maris da Afrilu, lokacin da aji kan zama tanderu da tsakar rana. Maganin wannan yana hannun hukumomin ilimi da shugabannin ma'aikatu. Yadda wasu jihohin Arewa kan rage lokacin aiki da azumi ba tare da an taɓa agogon kowa ba, haka za a iya shiga aji ƙarfe 7 a waɗannan watanni biyu, a tashi kafin azahar.